Gidan da Ruwa Bai Taɓa Shiga Ba

"Baba, faɗa min gaskiya, ruwan teku ya taɓa shiga gidan nan?" Dilrukshi ta tambayi mai masaukin. Gida na biyar ke nan da ita da mijinta Nuwan suka duba don hutunsu. Tun da ambaliyar teku ta cinye iyayenta, ba ta sake zuwa gaɓa ba.

"Ko ɗigo, 'yata," in ji tsohon.

Nuwan ya sauke jakunkuna. "To, hankali ya kwanta?"

Ta buɗe tagar baya, sai ta ƙame. Can kan tudu, sama da rufinsu, ga ruɓaɓɓen jirgin masunta a kife tsakanin itatuwan kwakwa.

"Baba, yaushe aka gina gidan nan?"

"Bara."