Inuwar Ƙusa

Ƙararrawar tsohuwar majami'ar na buga tsakar rana, tsohon ya lalubi ramin da ke jikin bango ya soka ƙusa. Da yatsu ya gano layukan nan bayan idanunsa sun mutu, ya kuma dage cewa agogon rana ne na maginan farko. Yau in inuwar ƙusar ba ta hau layin tsakiya ba, magina masu gyaran majami'ar za su ɓamɓare dutsen da layukan ke kai.

"Baba, a hanzarta mana, miyarmu na hucewa," in ji shugaban maginan.

Ya juya wajen matarsa. "Ina ta faɗa?"

"A kan layin, cif. Ka yi nasara, sarkin taurin kai."

Maginan suka dubi juna.

Ya ɗora tafinsa a kan dutsen don murna, sai ya ji shi sanyi ƙalau, har da danshi. Rana ba ta leƙo wannan bangon. Sai yanzu ya gane abin da ya sa kullum da yamma take kawo shi: don kada ya lura babu rana a wurin.

"Ku cire shi," ya ce. Ya miƙa mata hannu, ta ja shi gida.