Ranar da na ce Uke ta yi nisa

Ina aji huɗu muka raka Umma tashar Nyanya. Ta daɗe tana jinya, sai Baba ya ce a kai ta gidan iyayenta a Uke a gwada maganin gida. Tana zaune bakin taga ana jiran mota ta cika, ta miƙo hannu ta kama kunnena. Tafin hannunta sai ƙanshin man zafi.

"Auta, ba za ka bi ni ba?"

A makon ne malamarmu ta koya mana kalmar Turancin nan far, ni kuwa neman wurin faɗinta nake yi. Na ce, "Umma, ai Uke far ce."

"Fassara mini, Bature."

Na gyara tsayuwa na ce ana faɗinta ga gari mai nisa, da lokacin da ya daɗe da wucewa, har da mutumin da ke gabanka amma hankalinsa ya tafi. Ta saurara har na gama, tana murmushi, numfashinta na fita da ƙyar.

"To, zauna ka yi karatunka. In na dawo ka ƙara mini wata."

Ban jira motar ta tashi ba, abokaina na jirana a filin ƙwallo.

Ba ta dawo ba. Yanzu aiki kan bi da ni ta Uke, kafin in gyara zama mun iso. Sai da na girma Baba ya faɗa mini kujerar kusa da ita tawa ce. Ita ta roƙe shi ya kama mini.