Tsatsar Takobin Boma

Tunda na ga hannunka yana ƙaiƙayin gyara duk abin da ka tarar, zauna ka ji labarin wani mai sayar da tasoshin tagulla. Mutumin nan ya ci gadon wani takobi daga kakansa, tsohon soja da ya dawo da shi daga yaƙin Boma. Takobin ƙirar mutanen Japan ne, siriri, mai ɗan lanƙwasa, kaifi gefe guda. Kullum a majalisa sai ya cika baki wai ƙarfen nan ya girmi ganuwar garinsu, abokai kuwa su kwashe da dariya su ce addar saran rake ce aka yi wa kube. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don dariyar har kakansa take taɓawa. Ana nan sai aka ji wani dattijo ɗan Japan, masanin tsofaffin takubba, ya sauka a birni, kuma ya yarda zai zo ya duba. Murna wajen gogan naka ba a magana! To ka san mai tasa, ko cokali ba ya barin hannunsa sai ya ga fuskarsa a ciki. Ya zare 'yar ƙusar gora da ke riƙe da mariƙin, ya cire shi, sai ga gindin ƙarfen baƙi ƙirin da tsatsa, da wasu zane-zane kamar kaji sun yi tono. "Haba, baƙo ya zo ya tarar da wannan ƙazanta?" Ya nemo toka da yashi da lemun tsami, da suka gaza ya ɗauko magagari. Kwana uku yana gurza yana 'yar waƙarsa.

Ranar da baƙo ya zo majalisa ta cika, har da masu leƙe ta kan katanga. Dattijo ya rusuna wa takobin, ya ɗaga shi a hasken rana, ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai. Mai tasa ya fara bin abokai da ido ɗaya-ɗaya yana gyaran murya. Sai dattijo ya cire mariƙi, gindin ƙarfe ya haske masa ido, fes kamar sabuwar tasa. Bawan Allah ya dafe kai. Ta bakin tafinta ya ce a wurinsu ba a taɓa wannan tsatsa, da launinta ake gane shekarun takobi, zanen nan kuwa sunan maƙeri ne da lokacin ƙira. Wataƙila ya shekara ɗari biyar, wataƙila ko ɗari bai cika ba, amma shaidun biyu duk an goge su, shi kuma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Abokai suka yi ta dariya har da riƙe ciki, mai tasa ya zauna turus da takobi yana ƙyalli a cinyarsa, ga yatsu duk sun sale. Ai dama Hausawa sun faɗa: garin neman gira an rasa ido.