Mara Lafiya Na Uku

Tsoho ya shiga ɗakin likita riƙe da katin asibiti har uku: nasa, na akuyar da yake ja, da na bokitin ruwan rijiya da ya bari a layi.

"Baba, mutane nake dubawa," in ji likita. "Kai ta wurin likitan dabbobi."

"Na kai ta, ɗana. Ya ba ta magani, ya ce ni ba nasa ba ne. Kai kuma ka ba ni watan jiya, ka ce ita ba taka ba ce. Muka warke, muka koma muka sha rijiya, gudawa ta sake kama mu rana ɗaya. Masu auna ruwa sun ce sai da takardarka. Shi ya sa na yankar wa rijiyar kati."

Bai faɗa masa cewa jiya jikarsa ma ta fara ba.

Likita ya yi dariya har ya ƙware, ya kora da kofin ruwan randar asibiti, ya ce to, a shigo da mara lafiya na uku.

Mai shara ta leƙo da bokitin, babu ko ɗigo. "Allah ya saka wa Baba," ta ce. "Famfo ya ɗauke tun safe. Na juye a randa, kowa ya samu."

Likita ya daɗe yana kallon kofin hannunsa.

Tsoho ya tura masa katin rijiyar a hankali. "Riƙe, ɗana. Yanzu ta zama taka."