Manhajar da Ta Ja Tsoho da Wasan Jika

Tunda ka ce manhajarka ba ta da aibu amma mutane na gudunta, zauna ka ji labarin wata mata mai irin sana'arka. Mahaifinta tsohon tela ne. Hawan jini ya taɓa kayar da shi a bakin keke, likita ya ce in ya ƙara wasa da magani, shanyewar ɓarin jiki ce za ta biyo baya. Ita tana aure a wani gari mai nisa, sai ta haɗa masa manhajar da za ta riƙa tuna masa. Abu ya yi kyau, ba ya saɓa lokaci: ya yi ƙara, ya rubuta "Sha magani", in an tsallake ya nuna jan tambari. Tsoho ya ɗan jure, sannan ya cusa wayar ƙarƙashin tarin yadi. Ya ce bai ga dalilin da baƙo zai faɗo masa ba sallama ya hau ba shi umarni ba. Ƙwayoyi suka zauna a kwalba, hankalin 'yarsa ya tashi ƙwarai.

Sai ta tuna mutum ɗaya tak yake saurara a duniya, wato ƙaramar 'yarta, wadda yake kira amaryarsa irin na wasan kaka da jika. Ba ta taɓa jadawalin maganin ba, hali kawai ta sauya wa manhajar, ta sa mata muryar yarinyar. Yanzu sai manhajar ta yi sallama, ta tambayi kwanan jiki, ta dakata a amsa mata, sannan ta ce, "Ango, in ba ka sha ba na fasa auren, ba na zama da raggo." Ran da ya manta kuwa ba faɗa, sai fushin amarya, har ya lallashe ta da ƙwaya biyu da kofin ruwa. Ni da idona na gani, ran da na kai ɗinki. Mutumin da ya gagari likita ya gagari 'ya'yansa, ga shi yana ce wa waya, "Ke tafi can, wa zai kwashe ki in ba ni ba?" yana dariya yana haɗiye magani. Ya san sarai na'ura ce, amma bai iya ba ta kunya. Wallahi sai da na ce ikon Allah! Har yau yana kan kekensa, hannu da ƙafa lafiya lau. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.