Tabon Goɗiyar Darrasa

"Khalas, shi ke nan, na ara maka goɗiyata," in ji tsohon mai amalanke. "Sharaɗi ɗaya, ɗana, kada ka goge tabon ƙirjinta."

Maƙerin da ya zo aronta ya amince, don siffarta yake so ya zuba a tagulla, abin tunawa da dawakan yaƙi.

Kafin a gama aikin ta mutu. Ranar buɗe mutum-mutumin a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira, jakadu suka ajiye furanni, wani hafsa ya shafa tabon ya ce, "Harsashi ne."

Tsoho ya san ba harsashi ba ne. Igiyar amalanke ce, tun zamanin da suke jan kankana a lungunan unguwar Darrasa.

Maƙeri ya samu suna, goɗiya ta samu gaisuwar sojoji. Tsoho kuwa ya koma gida a ƙafa, riƙe da damin ciyawar da ya saba saye, babu mai ci.