Babur Mai Tutoci

Mai sayar da fetur a Ƙanƙara ya ɗauko tsumma zai goge tankin babur ɗin, Nata'ala ya yi wuf ya riƙe masa hannu. Wannan taɓon ba na gogewa ba ne. Akwai na Nijar a jiki, akwai na Togo, jan nan na gefen bututun hayaƙi kuwa tun daga Kumasi yake tafe da shi. Duk ƙasar da ya ratsa sai ya sayi 'yar tutarta ya ɗaura, har Hondar ta koma kamar rumfar mai sayar da ƙyallaye.

Shi dai malamin tsafta ne a Faskari kafin kuɗin ƙarin albashi na Udoji su sauko wa ma'aikata. Abokan aikinsa wasu suka yi wa gidajensu rufin kwano, wasu suka tafi Makka, shi kuwa gogan ya sayi babur ya ce sai ya ga teku da idonsa. Matarsa Saudatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ina shi ina teku, mutumin da in ya je cin kasuwar Funtuwa sai ya kwana biyu yana shafa man zafi. Dariyar nan ta yi masa ciwo ƙwarai. Ya dire mata rabin buhun gero, ya ce wata ɗaya zai yi, ya tayar da babur. Damina biyu ke nan, ko saƙon baki bai aiko ba, don yana ganin aike zai rage wa dawowarsa armashi.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya shiga Faskari a gaban ayari, oda na tashi ta ko'ina, Saudatu ta leƙo ta gan shi. Shi ya sa ya ƙudura ba zai cire hular kwano da baƙin tabarau a gaban kowa ba sai a ƙofar gidansa. Gemu kuwa da ma ya cinye sauran fuskar. Ko da ya wuce ta bakin unguwar surukansa a nan Ƙanƙara ya jiyo kalangu na tashi, bai taka birki ba, kada labari ya riga shi isa.

Matsalar ita ce babu ayarin. Tun da ya ƙetaro iyaka ta Jibiya ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi sau biyu. Ƙasar ta canza a bayansa, kowane masinja da babur ɗinsa, kowane ɗan kwangila da Fijo. Ya zauna a mararrabar Sheme yana shan fura ta ƙarƙashin hula, ransa a ɓace.

Yana nan zaune sai ga motoci sun biyo bayansa daga hanyar Ƙanƙara: Fijo sabuwa dal a gaba, akori-kura shaƙe da gado da kwanuka, da babura suna ta hayaƙi. Suka tsaya zuba wa akori-kurar ruwa. Wani mai babbar riga, Sha'ibu, abokin ango, ya hango tutocin nan ya nufo su baki buɗe. Nata'ala ya amsa gaisuwarsa da guntun Faransancin da ya tsinto a tashoshi, sannan ya sauko Hausa a hankali kamar mai yi masa alfarma.

Sha'ibu ya ce amarya za a kai Sabuwa, gidan Alhaji Abdulƙarim ɗan kwangila, wanda ya gina kwalbati uku a hanyar garin kuma har yanzu ɗaya na nan daram. Bazawara ce, amma Alhaji ya rantse sai an shigo da ita yadda Sabuwa ba ta taɓa gani ba. Ya roƙi baƙon ya ja musu gaba. Nata'ala ya ja aji, ya tsotsi furarsa, sannan ya kafa sharaɗi: in an kai amarya, gobe duk baburan nan su raka shi Faskari da oda. Suka tafa a kan haka.

Ranar nan Nata'ala ya yi tuƙin da bai yi a Akara ba. Ya miƙe tsaye a kan babur, ya saki hannu ɗaya, ya yi ta kurɗawa tsakanin ramuka, tutoci na kaɗawa. Manoma suka bar garma suka fito bakin hanya. Daɗi ya cika shi har ƙwalla ta taru a cikin tabarau, yana ta raya yadda gobe Saudatu za ta haɗiye dariyarta.

A ƙofar gidan ango mata suka ɗauki guɗa. Alhaji ya fito yana ƙamshin turare, ya rungume Nata'ala da taɓonsa da komai, ya ce ba za a ci shinkafa ba sai an ga fuskar wannan babban baƙo. Nata'ala ya duba, nan ba Faskari ba ce, ba wanda ya san shi. Ya cire hula, ya cire tabarau, ya gyara tsayuwa.

Daidai nan aka buɗe ƙofar Fijo, wata tsohuwa ta fito riƙe da hannun amarya a lulluɓe. Gwaggo Talatu ce, ƙanwar surukinsa. Ya yi mamakin abin da ya kawo ta bikin mutanen Sabuwa, ya russuna zai gaishe ta. Ta ƙura masa ido, ta yi salati a hankali.

"Nata'ala, ashe kana duniya? Mun neme ka, ɗan nan, alƙali ma ya jira ka har ya gaji." Ta juya ta taɓa kafaɗar amarya. "Saudatu, ɗan ɗaga mayahinki ki gani, tsohon mijinki ne ya jawo miki ayari."